Makankarin Kwaɓi: Na Ƙarfe Ko Na Roba?

Duk wadda ta taɓa kwaɓa fulawa ta san lokacin nan da kwaɓi yake kama hannu, ya kama kwano, ya kama tebur, har a rasa ta inda za a ɓullo masa. A daidai nan ne ake neman ɗan abin da masu gidan burodi ba sa rabuwa da shi, wato makankarin kwaɓi, wanda 'yan sana'a ke kira sikirefa. Iri biyu ne ake yawan samu a shagunan kayan kek. Akwai na ƙarfe, ɗan falle mai kusurwa huɗu, faɗinsa wajen santimita 15, da mariƙi a samansa, ko na katako, ko na roba, ko kuma ƙarfen ne aka naɗe ya zama mariƙi. Akwai kuma na roba, ba shi da mariƙi, yana lanƙwasuwa a hannu, galibi gefensa ɗaya a miƙe, ɗayan a zagaye.

Matan da ke yin burodi da donat da mit-fai a gida, na ci ko na sayarwa, ba su da baki ɗaya a kan wanda ya kamata a fara saye. Masu koyarwa da yawa suna sa na ƙarfe a jerin kayan da ɗaliba za ta zo da su, wasu kuma su ce asarar kuɗi ce. Gardamar ba ta banza ba ce, ganin yadda fulawa da sukari da bota suka yi tsada. Makankarin da bai dace da aikin mace ba yana iya jawo mata asarar kwaɓi, ko ya lalata mata tire da kwano, ko kuma ya ƙare a cikin durowa ba a taɓa shi.

Kafin a shiga tsakanin ɓangarorin biyu, akwai masu cewa ba a ma bukatar ko ɗaya, hannu da wuƙa sun wadatar. Amsar da za a ba su tana cikin halin alkama. Garin alkama yana ɗauke da wasu sinadaran furotin guda biyu, waɗanda idan ruwa ya jiƙa su aka murza, sai su sarƙe da juna su zama danƙon da ake kira gulutin. Danƙon nan shi ke riƙe iskar da yis ke fitarwa, shi ya sa garin alkama ke yin burodi, na dawa da na gero ba sa yi. To kafin danƙon ya haɗu sosai, kwaɓi yakan yi ta kama hannu, kuma abin da hannu ya saba yi shi ne ya kai ga garin fulawa ya barbaɗa. Masu burodi suna auna ruwa ne da nauyin fulawa: kilo ɗaya na fulawa da ruwa giram 600, sun ce kashi 60 ke nan. Idan mace ta yi ta barbaɗawa har ta ƙara giram 100, ruwan ya sauko ƙasa da kashi 55, sukari da gishiri da yis da bota duk sun ragu a lissafi ba tare da ta sani ba. Sai burodi ya fito da nauyi, washegari ya bushe, a ɗora laifi a kan yis ko obin. Makankari yana ɗaga kwaɓin daga inda ya manne ba tare da an ƙara gari ba, wannan ne babban aikinsa. Wuƙa kuwa bakinta a gantsare yake, ba ya kwanciya a kan tebur gaba ɗaya, kuma kankare tebur da ita dasashe ta yake yi.

Masu goyon bayan na ƙarfe suna farawa ne da yanka, kuma a nan suna da gaskiya ƙwarai. Burodin da muka saba ci a Najeriya kwaɓinsa mai tauri ne. A gidajen burodi ana bi da shi ta cikin injin murji sau da dama har ya yi sulɓi, a gida ma da tauri ake kwaɓa shi, da sukari da bota. Haka kwaɓin donat, haka na cincin da dublan da mit-fai. Irin wannan kwaɓi idan aka zo raba shi, aka finciko da hannu, danƙonsa yana yagewa, iskar da ta taru tana fita, kuma curin yana fitowa da fuska kaca-kaca wadda sai an sha wahala kafin a mulmule ta. Ƙarfe kuwa dannawa ɗaya ne, ya ratsa har tebur, ya bar gefe sumul. Wadda ke sayar da donat tana bukatar kowane curi ya zo daidai da ɗan'uwansa, a ce giram 60, domin mai saye yana da ido, kuma a cikin mai ma ƙarami yana riga babba soyuwa. Da sikeli a gefe da ƙarfe a hannu, ta yanka, ta ɗora, ta ɗan tsakuro ko ta rage, aiki yana tafiya.

Na taɓa tsayawa ina kallon wata mai yin cincin ɗin gara, ana saura 'yan kwanaki a kai amarya. Ta murza kwaɓi a kan teburin katako ya yi faɗi, ta ɗan shafa gari a bakin ƙarfen, ta fara dannawa daga gefe: ta danna, ta ɗaga, ta matsa, ta danna, har faɗin ya zama dogayen layuka. Ta juya ta ratsa su a gicciye. Ba ta ja ƙarfen ko sau ɗaya ba, sauke shi kawai take yi, shi ya sa ba a ga wani yanki ya miƙe ko ya karkace. Da ta gama, sai ta kwantar da bakin a kan teburin, ta tura shi ƙarƙashin yankakken cincin, ta kwaso tuli guda ta juye a tire, ƙanwarta tana jira a bakin kasko. Wanda ya ga wannan ba zai ce na roba zai yi aikin da wannan saurin ba, domin roba lanƙwashewa take yi idan ta haɗu da kwaɓi mai tauri, layin ya kauce.

Hujjarsu ta biyu ta shafi zafin ƙasarmu. Ɓawon mit-fai yana yin taushi da rugurguzuwa ne idan bota ta zauna ƙanana-ƙanana a cikin gari, ba ta narke ta jiƙe shi ba. Bota ta ainihi tana narkewa tun wajen digiri 32 zuwa 35, jikin mutum kuwa 37 ne, ga shi a Kano da Sakkwato da Maraɗi zafin watan Afrilu yakan haura 40. Botar gwangwani da ta bokiti da aka fi amfani da ita ta ɗan fi jure zafi, amma ita ma idan aka daɗe ana murza ta da tafin hannu a ɗaki mai zafi, mai take zama. Da makankarin ƙarfe ana iya sassara botar a cikin garin, ana tattarowa ana sake sarawa, hannu bai taɓa ba sai a ƙarshe. Idan akwai wuta, a sa ƙarfen a firij na ɗan lokaci kafin a fara, ya ƙara taimakawa.

Sai maganar wanke-wanke, wadda ba a cika kawowa ba alhali tana da nauyi. Da hunturu, kafin a gama suya, ragowar kwaɓin da ke kan tebur ya bushe ƙamas. Aka zuba masa ruwa, ya koma kullu mai yauƙi, ya cika soso, ya toshe magudana. Aka zuba ruwan zafi kuwa, an dafa shi ke nan, ya ƙara kamawa. Ƙarfe yana kankare shi a bushe, a tattara a zubar ko a ba kaji, sannan a goge da ɗan tsumma mai laima. A unguwar da ake sayen ruwa wurin 'yan garuwa, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Masu goyon bayan na ƙarfe suna kuma ƙarawa da cewa ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda a cikinsa akwai kuromiyam aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, saye ɗaya ake yi masa. Ba ruwansa da zafin tire, ba ya ɗaukar wari, kuma uwa tana iya barin wa 'yarta shi.

Duk waɗannan hujjoji na yarda da su. Sai dai kowace daga cikinsu a kan tebur take tsaye: yankan a kan tebur, saran bota a kan tebur, kankarewar a kan tebur. An ƙera makankarin ƙarfe ne don shimfiɗaɗɗen wuri na katako ko na dutse, irin na gidajen burodi da kicin ɗin Turai da Amurka, inda ake ɗaukar yawancin bidiyon da 'yan matanmu ke koyon burodi da su a waya. A gidajenmu da yawa kuwa ba a nan ake kwaɓi ba. Mace tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno, babbar roba ko kwanon silba ko fanteka a gabanta, a ciki za ta kwaɓa, a ciki zai tashi, daga ciki za ta ɗiba. Idan abin murzawa ne, ta juya bayan tire ko ta ɗauko ɗan katako. To a sa miƙaƙƙen ƙarfe mai santimita 15 a cikin kwano mai zagaye a gani. Kusurwoyinsa biyu ne kawai za su taɓa jikin kwanon, tsakiyarsa tana sama, kwaɓin da ake son kwashewa yana nan daram a ƙarƙashinsa.

Kuma kusurwoyin nan biyu ba zama suke yi haka kawai ba, karta suke yi. Roba su tsaga ta. Kwanon langa su ɓantare masa fenti, tsatsa ta samu ƙofa. Tiren alminiyam, da yake ya fi ƙarfe laushi, yakan saki wani toka-toka da ake gani a jikin farin kwaɓi. Kaskon zamani mai baƙin rufi da ke hana abinci kamawa kuwa, karta ɗaya ta isa ta fara kashe shi. Ko waɗanda ke da kanta a kicin, da yawa tayil aka shimfiɗa mata, bakin ƙarfe yana tuntuɓe a kowace mahaɗa, kwaɓi kuma yana cusuwa a ramin. Fomeka ma zane take yi. Saboda haka idan aka ce wa mace ta sayi na ƙarfe, a gaskiya abu biyu aka ce ta saya: makankarin da kuma faffaɗan katakon da za ta yi aiki a kansa. Masu ba da shawarar ba su cika faɗin na biyun ba, kuma shi ya fi tsada.

Daga nan masu na roba suke karɓar magana. Suna cewa a duba abin da muke yi da alkama tun kafin a san mit-fai a ƙasar nan. Fanke, funkaso, alkubus, duk kwaɓinsu mai ruwa-ruwa ne, ana buga shi a kwano, ba ya ganin tebur daga farko har ƙarshe. Gurasar da aka san Kano da ita, wadda matan Jakara suka yi suna a kanta, da jiƙaƙƙen hannu ake ɗibar kwaɓinta a manna a jikin tanderu. Kek ma haka, kwano ne da gwangwani. A duk waɗannan babu abin yankawa. Abin da ake bukata shi ne a tattaro kwaɓin daga jikin kwano yayin da ake bugu, kada na gefe ya bushe ya dawo ya zama gudaji, sannan a kwashe shi tas idan an gama.

Yadda ake yi kuwa abin sha'awa ne. Hannun hagu yana riƙe da bakin kwanon yana juya shi a hankali, na dama yana riƙe da robar, babban yatsa a gaba, sauran huɗu a baya, an ɗan matsa ta ta lanƙwashe daidai da cikin kwanon. Ana farawa daga sama a gangaro ƙasa, kwanon yana juyawa, kwaɓin yana naɗowa a bakin robar yana taruwa a tsakiya. Zagaye ɗaya ko biyu, jikin kwanon ya fito fes har ana ganin launinsa. Da ita kuma ake sharce kwaɓin da ya manne a yatsu, a mayar da shi cikin uwarsa maimakon a wanke shi a ruwa.

Wannan sharcewa kuɗi ce. A ƙaddara giram 30 ne ke saura a jikin kwano da hannu duk kwaɓi ɗaya, kuma mai fanke tana kwaɓi kullum da asuba. A wata guda giram 900 ke nan, kusan kilo, yana bin ruwan wanke-wanke. Ga wadda ribarta 'yar ƙalilan ce, ba abin rainawa ba ne, kuma makankarin roba da kansa bai kai rabin kuɗin na ƙarfe mai kyau ba a yawancin shaguna.

Akwai masu kallon na roba a matsayin kayan 'yan koyo, wai ƙwararre ƙarfe yake riƙewa. Ba haka ba ne. A Faransa tun kafin a san roba, masu burodi suna da irin wannan makankari mai zagayayyen baki, da ƙahon dabba ake yin sa. Richard Bertinet, mai burodi ɗan Faransa da ke koyarwa a garin Bath na Ingila, wanda littafinsa Dough ya fito a 2005, ya shahara da koyar da kwaɓi mai laushi da ake ɗagawa a maka a tebur a ninke, ba a ƙara gari, kuma makankarin roba ne ba ya barin hannunsa: da shi yake haɗa gari da ruwa a kwano, da shi yake juye kwaɓin, da shi yake raba shi. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka saba da dogon burodin Faransa a Yamai da Damagaram, duk wadda ta gwada yin sa a gida za ta tarar kwaɓinsa ya fi na burodin Najeriya ruwa, kuma roba tana yanka shi ba wata wahala.

A nan ne tsofaffi kan sa baki. Wata gwaggo ta ga 'yar ƙanenta tana sharce kwanon alkubus da irin wannan roba, ta karɓa ta jujjuya, ta ce, "'Yar nan, wannan ai mara ce. Kuɗi kika sa kika saya?"

Yarinyar ta ce, "Gwaggo, ta fi mara, taɓa ki ji, tana lanƙwasuwa."

"To, Allah ya amfana. Mu dai da sakaina muka kwashe tuwon gidan nan shekara da shekaru, tukunya ba ta taɓa kwana da saura ba."

Gwaggon tana da gaskiya fiye da yadda 'yar ta zata. Marar da ake fafewa daga ƙwarya don kwasar tuwo aikinta ɗaya da makankarin roba, bin cikin abu mai zagaye a kwaso abin da ya manne, kuma hannun da ya iya mara ba sai an koya masa riƙon roba ba. Wannan ma hujja ce ga masu na ƙarfe, idan sun lura: tunda akwai mara a gida, a bar mata kwano, a sayi ƙarfe don yanka. Na auna wannan magana, na ga tana da ƙarfi, amma ba ta kai ba. Ƙwarya tana shan mai da ruwa. Tuwo ba shi da maiƙo, kwaɓin kek da na donat kuwa akwai bota da ƙwai da madara, idan suka shiga jikin mara ba sa fita da wanki, bayan kwana biyu ta fara hamami. Bakinta yana da kauri, ba ya sharcewa tas, kuma zagayenta ɗaya ne, kwanon da ya dace da ita shi ta sani. Ga mai fanke ko funkaso da ba ta da halin sayen komai yanzu, ta ware sabuwar mara don kwaɓi kaɗai, za ta yi mata aiki. Wadda ke sa ƙwai da bota kuwa, gara ta nemi roba.

Na roba ma yana da nasa aibin, kuma masu sonsa ba su cika son a faɗa ba. Na farko wuta. Mafi yawan masu kyau da robar da ake kira folifurofilin ake yin su, wadda alamarta lamba 5 ce a cikin 'yar alama mai kusurwa uku, wani lokaci da haruffan PP. Tana narkewa a wajen digiri 160, tana kuma yin laushi tun kafin nan, alhali burodi a digiri 180 zuwa sama ake gasa shi. Wadda ta kai roba jikin tiren da ya fito daga obin, ko ta manta ta a gefen murhu ko risho, ta yi sallama da ita. Akwai na silikon da ke jure sama da digiri 200, amma ya cika laushi, sharcewa kawai ya iya, ba ya yanka komai. Na biyu rana. Mun saba kife kwanuka a tsakar gida su bushe, hasken rana kuwa yana cinye irin wannan roba a hankali, ta koɗe, ta yi gautsi, wata rana ta karye a cikin kwaɓi. Na uku wari da launi. Aka kwashe markaɗen attarugu ko miyar manja da ita sau ɗaya, za a ji shi a kek na gaba. Kuma da zarar bakinta ya yi zane-zane, maiƙo da busasshen kwaɓi suna maƙalewa a ciki inda soso ba ya kaiwa, lokacin canzawa ya yi. Mai na ƙarfe zai ce ka gani, araha ba ta ado, a shekara biyar ka sayi roba nawa? Tambaya ce mai kyau. Amsarta dai ita ce roba uku ko huɗu ba su kai kuɗin tire ɗaya da kwano ɗaya da ƙarfe ya karce ba.

Abin da ya fi damuna game da roba shi ne wadda ba a san asalinta ba. Kasuwa cike take da kayan roba marasa suna, marasa lamba, waɗanda ba mai iya cewa daga me aka narko su. Abin da zai riƙa gogar abinci kullum bai kamata a saye shi ido rufe ba. A nemi lambar nan ta 5, ko alamar kofi da cokali mai yatsu da ke nuna an yi abin don abinci. A sunsuna, idan yana warin roba mai hawa kai a ajiye. Wasu matan kan yanka murfin bokitin bota su yi nasu makankarin, kuma dabara ce mai kyau, tunda robar dama abinci aka yi ta ta riƙe, sai dai a goge bakin ya yi sumul kada ya riƙa sakin ɓurɓushi. Amma ban da murfin bokitin fenti, ban da jarkar man inji ko ta maganin feshi, komai wankin da aka yi musu.

Ra'ayina shi ne, ga mafi yawan matan da ke kwaɓi a gidajenmu, na roba ne farkon saye. Dalili kuwa shi ne kowane kwaɓi, mai tauri da mai ruwa, a kwano yake farawa, amma ba kowanne ne ke zuwa tebur ba. A zaɓi mai ɗan ƙarfi, wanda idan aka matsa shi da yatsu zai lanƙwashe amma ba zai ninke ba, mai gefe ɗaya a zagaye don kwano, ɗaya a miƙe don yanka. Irin wannan yana raba kwaɓin burodi biyu ko uku na gida, da na donat na yara, ba tare da wata matsala ba. Mai laushi sosai da ake bayarwa kyauta a cikin kwalin kayan kek ba shi nake nufi ba.

Inda na sallama wa ɗaya ɓangaren shi ne wurin wadda sana'arta yanka ce: mai cincin, mai dublan, mai mit-fai da samosa, mai karɓar odar biki da ta Sallah, wadda dama tana da tebur ko katakon murji. Ita kam ƙarfe ne jarinta, kada ta tsaya wahala da roba a kan kwaɓi mai tauri. Masu cewa a sayi duka biyu a huta ba su yi ƙarya ba, nan za a ƙare idan sana'a ta kankama. Amma wadda ta fara da mudu biyu na fulawa da ɗan kuɗin da ta tara a adashi, tambayarta ita ce wanne ne yau, kuma ba daidai ba ne a tura ta sayen kayan tebur alhali a kwano take aiki.

Idan lokacin sayen na ƙarfen ya zo, akwai abubuwan dubawa tun a shago. A tsayar da bakinsa a kan gilashin kanta a leƙa: idan haske yana ratsawa ta ƙarƙashi, bakin ba a miƙe yake ba, zai riƙa barin kwaɓi a baya. A gwada lanƙwasa shi, mai kyau ba ya bayarwa sai kaɗan. Ba kaifin wuƙa ake nema ba, ɗan siririn baki ya isa, kuma gara wanda aka ɗan dasashe kusurwoyinsa, musamman a gidan da yara ke kai-kawo a kicin. A duba inda mariƙi ya haɗu da falle, domin nan ne kwaɓi ke shiga ya ruɓe. Mariƙin katako yana da daɗin riƙo ko hannu da maiƙo, amma idan ana jiƙa shi a ruwa yana kumbura, hunturu ya zo ya tsage. Wanda aka naɗe ƙarfensa ya fi sauƙin wanki, sai dai a riƙa tsiyaye ruwan da ke shiga cikin naɗin. Masu gwada ƙarfe da maganaɗisu su sani gwajin ba ya raba gardama, don akwai nau'in ƙarfen da ba ya tsatsa wanda maganaɗisu ke kamawa. Idan an ga 18/8 ko 18/10 a jiki, kuromiyam kashi 18 ke nan da nikel kashi 8 ko 10, mai kyau ne. Wasu suna da awon santimita a baki, yana da amfani wurin daidaita faɗin cincin, in dai zana shi aka yi a cikin ƙarfen, ba fenti ba ne da zai goge ya shiga abinci.

Abu biyu ne nake roƙon kada a yi don neman sauƙi. Kada a ɗauko makankarin masu fenti da ya taɓa bango a wanke a shigo da shi kicin, domin wasu fentin suna ɗauke da dalma, gubar da ta fi illa ga ƙananan yara. Kada kuma a yanko fallen kwanon rufi, saboda rufin tutiyar da ke jikinsa ba a yi shi don abinci ba, kuma yana ɓarewa. Wadda ke son a ƙera mata, ta je wurin masu walda da ke aikin ƙarfen silba, ta ce a yanko mata santimita 15 da 10, a naɗe gefe ɗaya, a goge bakin da kusurwoyin da magagari. Idan baƙin ƙarfe ne maƙeri ya yi mata, shi ma yana aiki, sai dai yana tsatsa, don haka da an wanke a goge shi ya bushe nan take, a shafa masa ɗan man gyaɗa kafin a rataye.